Mai Gadi a Ɗakin Gwajin Ji da Gani

Wani ne, mai gadi, aiki ya kuɓuce masa. Ba korarsa aka yi ba. Kamfanin da yake yi wa gadi ne ya tashi ya koma wata unguwa. Ranar da aka zo da manyan motoci aka kwashe kaya kaf, shi ya buɗe musu ƙofa, har ya ɗaga musu hannu. Sati biyu ya yi yana zuwa yana gadin kango, kafin mai ginin ya zo ya tambaye shi me yake tsaro.

Ya yi wata uku a gida. Har ta kai matarsa in tana shara ba ta cewa ya ɗaga ƙafa, sai dai ta zagaye shi kamar kujera.

Ran nan ƙanin matar, wanda direba ne a wata cibiyar bincike, ya biyo a gurguje. Ya ce akwai wata Dakta a wurinsu da ke gwada jin mutane da ganinsu, ta sami mutum talatin da tara, saura ɗaya ta rufe, in Yaya yana so ya je gobe ƙarfe tara. Ya faɗa mota ya yi gaba.

Mutumin ya zauna ya yi nazari. Wane aiki ne a duniya sai an gwada ido da kunne kafin a ɗauki mutum? Gadi. Mutum arba'in kuma a kan gurbi ɗaya, lallai wurin babba ne. Matar ta goge masa riga, har da wuyan. Da safe ya aske gemu, ya zura tocila a aljihu, ya rataya usur, ko karyawa bai tsaya yi ba.

Dakta mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Shekara biyu tana kan binciken nan, kuma ƙarshen sati za ta miƙa sakamako. Ta ba shi takarda shafi uku da ta bayyana komai, ta ce ya karanta a tsanake. Ya sa hannu nan take, don kada ta ɗauka yana da nawa.

Ta shigar da shi wani ɗan ɗaki kamar akwati, bangon duk soso, ƙofar da kauri kamar ta firji. Ta ɗora masa abin sauraro a kunnuwa, irin na ma'aikatan rediyo, ta damƙa masa wani madanni a hannu.

"Duk ƙarar da ka ji, komai ƙanƙantarta, ka danna," in ji ta. Ta fita ta rufe.

Tun da aka haife shi bai taɓa jin shiru irin wannan ba. Can sai ya ji bugun zuciyarsa. Ya danna. Cikinsa ya yi ƙugi. Ya danna. Ya haɗiyi yawu, ya ji, ya danna. Sai ya lura madannin kansa yana yin ƙas in an danna shi. Ƙara ce ita ma, don haka ya danna. Wannan ma ta yi ƙas. Ya sake dannawa. Daga nan yatsa bai ƙara hutawa ba.

A waje Dakta na neman biro. Da ta ɗago kai, kwamfuta ta nuna an danna sau ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta buɗe ƙofar ta same shi yana gumi.

"Malam, ai ban kunna ba tukuna."

"To kin gani," ya ce. "Ina ga kin kunna."

Ta yi masa bayani a hankali cewa ƙarar da za ta fito daga abin kunnen kaɗai ake nufi, ban da ta ciki, ban da ta zuciya, ban da ta madanni. Ya ce ya gane sarai. Ta rufe, ta kunna.

Ga shi kuwa, wani siririn tiii ya taso daga hagu. Mutumin ya yi tsit. Shekara goma sha ɗaya yana gadi, ya san wanda ke busa usur a kan kowane motsi ba ya daɗewa a wurin aiki. Tiii ya koma dama. Ya karkata kai, ya bi shi da kunne. Minti goma cur bai danna ko sau ɗaya ba. Dakta ta ƙure ƙarar har ita kanta tana jiyowa ta jikin ƙofa. Shiru. Ta buɗe ta tambaye shi ko bai ji komai ba.

"Na ji shi tun yana nesa. Jira nake ya matso."

Dakta ta rubuta wani abu, ta soke. Ta ce su koma kan ido.

Ta zaunar da shi gaban kwamfuta. Mutum shida ne a allon suna jefa wa juna ƙwallo, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe. Aikinsa ya ƙirga sau nawa masu farare suka jefa. Abin da ba ta gaya masa ba shi ne, a tsakiyar wasan wani ƙato zai ratso ɗaure da tawul, da talabijin a ka, ya tsaya, ya ɗaga hannu, ya wuce. Yawancin mutanen da ta gwada, saboda hankalinsu na kan ƙirga, ba su gan shi ba sam. Abin da take bincike ke nan.

Da aka gama ta tambaye shi sau nawa. Ya ce da yawa. Ta ce da yawa nawa. Ya ce gaskiya yaran sun yi ƙoƙari. Ta haƙura da wannan, ta tambaye shi ko ya ga wani abu na daban.

"Babu."

A karon farko Dakta ta yi murmushi. Ta cike gurbin amsar a littafinta, sannan ta maido hoton baya, ta tsayar da shi daidai kan ƙaton, ta nuna masa da biro.

"Wannan? Ai na gan shi," ya ce. Ya ƙara da cewa tawul ɗin shuɗi ne, silifas ɗin ƙafar hagu ya tsinke an ɗaure da waya, talabijin ɗin kuma tsohon yayi ne, wayar wutar na jan ƙasa.

"To me ya sa ka ce babu?"

"Na ɗauka maigidanki ne. Ban so ranar farko in shiga tsakanin iyali."

Dakta ta cire gilashi, ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi. Ta soke abin da ta rubuta.

Saura gwaji ɗaya. Fuskar wani dattijo ta cika allon, yana maimaita kalma ɗaya. Abin da ake so kawai ya faɗi me ya ji. Ya ƙura ido ya ce dattijon na cewa "dada, dada". Ta ce madalla, yanzu ya rufe ido ya sake saurara. Ya rufe. Sai ya ji ƙarara ana cewa "baba, baba".

"Na'am," ya ce.

Ya buɗe ido ya waiwaya, bai ga kowa ba, sai dattijon na ta "dada". Ya rufe, "baba". Ya buɗe, "dada". Ya rufe ido ɗaya. Ya sa tafin hannu a fuska yana leƙe ta tsakanin yatsu ko zai kama shi. Ya yi kamar zai kalli taga, ya juyo da sauri. Daga ƙarshe ya tashi, ya zaro tocila, ya haska bayan kwamfutar. Ya dawo ya zauna, ya yi ƙasa da murya.

"Dakta, wannan bawan Allah kada ki ba shi amana. In kana kallonsa maganarsa daban, kana kau da ido ya sake wata."

Ta ce ta ji, amma me za ta rubuta, dada ko baba. Ya ce shi ba zai ba da shaida a kan mutum ba sai ya tsaya a kan magana ɗaya.

Ta rufe littafin. Shi kuwa ya gyara wuyan riga, ya tambaya cikin ladabi ko ya wuce sauran talatin da taran, kuma yaushe zai zo awon kaki, don wandon tsohon wurin ya yi masa kaɗan.

Sai a lokacin Dakta ta gane. Ta dubi usur ɗin da ke wuyansa, ta dubi tocilar. Ta jawo kujera kusa da shi, ta ce ya yi haƙuri, babu aikin gadi a nan, babu ci babu faɗuwa, bincike ne kawai. Ya riƙa juya tocilar a hannu. Ganin haka ta ce bari aƙalla ta wanke dattijon. Bakinsa "gaga" yake faɗa, muryar da aka ɗora masa kuma "baba" take cewa. Ido ya kawo ɗaya, kunne ya kawo ɗaya, ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta fitar da "dada". Ta ce duk abin da aka yi tun safe, daga ɗakin soso har mai tawul, so take ta ga yadda ƙwaƙwalwar mutum ke aiki da abin da ido da kunne suka kawo mata. Amma shi, gaskiya, ta duba sakamakonsa sama da ƙasa ba ta sami abin ɗauka ba.

Mutumin ya ɗago ya dube ta.

"Haba Dakta. Ai da kin ce da ƙwaƙwalwa ake yi, da tun farko na sa ta."