Ƙullutun Karen Farfesa

Ina karatu a Greensboro, farfesana ya yi tafiya ya bar mini tsaron gidansa da karensa. Ranar farko na turo ƙofa da ƙarfi, ta daki kan karen. Na shafa ƙeyarsa, na ji ƙashi ya taso. Ni da na tashi cikin dabbobi, nan take na yanke hukunci: ƙoƙon kai ya fashe, digirina ya tafi.

Na kira abokina Malam Sani a waya. "Kawo mota, zai mutu!"

A asibiti, likitar dabbobi ta taɓa wurin, ta daɗe tana kallona. "Halittarsa ce. Kowane kare yana da shi."

Har yau, ko a masallaci muka haɗu, sai Malam Sani ya cire hula ya miƙo ƙeya: "Dokta, duba mini."