Cindo Ya Yanke wa Mai Gyaran Fanka Hukunci

Duk kasuwar garinmu babu wanda bai san bakin Malam Cindo mai gyaran rediyo ba. Shi a faɗarsa, doka a kansa take tun daga bango har bango. Wai ya taɓa ƙure lauyoyi uku a cikin mota, har ɗaya ya sauka tun ba a kai tasha ba.

Sai ga sanarwa ta fito, ana neman dattawa uku da za su riƙa zama gefen alƙali a kan ƙananan ƙararraki, irin rikicin iyakar gona da akuyar da ta ci shukar maƙwabci. Ba sai ka yi karatun lauya ba, kuma babu albashi. Mai unguwa ya shaide ka, a tabbatar ba a taɓa ɗaure ka ba, sannan kwamiti ya gwada haƙurinka.

Cindo ya matsa wa mai unguwa lamba har ya sa sunansa. Tun ba a kira shi ba ya ɗinka babbar riga, ya hana 'yan majalisarsu kiransa Cindo.

"Ku fara saba bakinku da Allah gafarta Malam. Ni fa ido kawai nake haɗawa da mutum in san ɓarawo ne."

Ranar gwaji abokai suka rako shi, suka yi cirko-cirko a bakin taga. A ciki ga alƙali, ga wata tsohuwar shugabar makaranta, Hajiya Ladidi. Zafi kamar gidan burodi, fankar sama babu ko fiffike ɗaya.

Alƙali ya ce, "Malam Cindo, aikin nan saurare ne. Ka ji wannan, ka ji wancan, ka ba ni shawara. Yanke hukunci nawa ne. Yanzu za a shigo da ƙarar gwaji, wani ake zargi da ɗaukar kayan hukuma."

"Allah gafarta Malam, an gama."

Ƙofa ta yi ƙiii. Wani siririn mutum ya shigo, riga duk baƙin mai, ya rungumo fikafikan fanka uku a hammata.

Cindo ya dubi sama, ya dubi hammatar mutumin, ya saci kallon taga. Zumbur ya miƙe.

"Tsaya nan. Sunanka?"

"Sallau."

"Na ina ne waɗannan?"

"Na nan ne."

"Wa ya kwance su?"

"Ni ne, jiya da yamma."

Cindo ya buga tebur, gwaf. "Kun ji da kunnenku. Ko minti ɗaya ban ci ba."

Hajiya Ladidi ta ce, "Malam, da ka bari..."

"Hajiya, ba a katse shari'a." Ya yi ta zagaya Sallau, riga na fuu-fuu, yana nuna shi da yatsa. "Dubi idonsa. Dubi yadda yake zufa. Wata shida, da aiki mai tsanani. Don ma ka amsa da wuri ne na yi maka ragi."

Alƙali ya cusa fuska cikin rawani, kafaɗunsa na rawa. Can ya ɗago yana share hawaye.

"Malam Cindo, masu ƙarar gwajin suna waje, ba su ma shigo ba. Wannan mai gyaran fankarmu ne. Ni na sa shi ya kwance fikafikan ya gyaro su."

Bakin taga ya ɓarke da dariya, wani har da faɗuwa kan kekunan mutane. Cindo ya laluba kujera ta baya, rigar ta harɗe shi, ya zauna daɓas a ƙasa.

Sallau ya matso, ya durƙusa gabansa cikin ladabi.

"Allah gafarta Malam, in ɗaura fankar tukuna, ko in wuce gidan yarin kai tsaye?"