Ɗanmusa da Kwaɗin Bisa Gawo

Duk ƙasar Gobir, daga Sabon Birni har Isa, ba a haifi masani irin maƙwabcina Ɗanmusa ba. Damina guda ya yi a Kurmi yana dakon goro, ya dawo da laima, da ilimin da ya fi ƙarfin hularsa. Mu jahilan Gangara muka sa masa Shehun Kwaɗi, yana amsawa har da gyaran murya.

Shekarar da fari ya matsa, gero ya fara murɗewa, sai ya ratsa fada da laimarsa buɗe, ko ɗigo babu. Ya tsaya gaban Maigari Na'Allah.

"Ranka shi daɗe, na gano ciwon garinga. Kwaɗin Kurmi bisa itace suke, kore shar awa ganye. Yatsunsu na da danƙo, ba su faɗuwa. Da rana su lafe bayan ganye, rana ba ta shan jikinsu. Ƙwai ma bisa ganye suke yi, 'ya'ya su zubo cikin ruwa. Kukansu kusa da sama yake, shi ya sa ruwa ba ya yanke musu. Namu ragwaye na, sun shige laka suna barci. Wa za shi ji kuka daga rami? Za ni hau da su. In ruwa ya sauka, a naɗa ni Sarkin Ruwa."

Maigari ya dubi sama, ya dubi laima, ya ce a gwada. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Shehu ya tafi busasshen tafki da fartanya, ya tono bayin Allah da suka binne kansu suna jiran ruwa lafiya lau. Ya dama garin kuka ya shafe su, suka zama kore. Ya jiƙa ƙaro ya dangwala musu a yatsu. Itace kuwa sai gawo, don ya fi kusa da sama. Ko akuya ta san gawo tsirara yake kwana da damina, amma akuya ba ta je Kurmi ba.

Ya jera su a reshe, ya ja da baya. Shiru. Wani burduddugi ya dube shi, ya rufe ido.

"Ƙauyanci na," in ji Shehu. "Sai an koya musu."

Ya naɗe riga ya hau, ya rungume reshe, ya kumbura wuya ya shiga kuka. Gaskiya ya iya. Har daga Unguwar Lalle aka zo saurare. Shamuwa ma suka ji, suka sauko, suka tarar da tuwo da miyarsa an manne musu a faranti. Shehu na korar ta gabas, ta yamma na haɗiya.

"Kada ku damu," ya faɗa daga bisa. "Sun tafi kai saƙo na."

Ruwa dai bai zo ba sai da aka fita roƙo. Shehu ya sauko da ƙaya a ko'ina, ya je fada neman rawani. Maigari mutum ne mai adalci, ya ce wahala ba ta faɗuwa banza, ya naɗa shi Sarkin Kwaɗi.

Sarauta ta yi kyau. Talakawan ne dai aka cinye tun kafin naɗi.