Kiɗan Hawan Jini

Likita ya ce wa Alhaji, mai gidan da nake haya a unguwar Glenwood, ya riƙa jin kiɗa mai sanyi saboda hawan jini. Ni mai digiri aka sa in nemo.

Na yi bincike, a ganina. Jaridu suna ta kushe sabon faifan wasu tsofaffin makaɗan wani salon kiɗan Turawa, thrash metal: wai sun yi laushi, kiɗan har barci yake sawa. Na ce ƙila an dace. Ban saurara ba, na kai wa Alhaji.

Alhaji ya kunna a mota, ina zaune a baya. Ganguna kamar ana rushe gini, wani ƙato yana ta ihu. Hajiya, matarsa, ta juyo a hankali: "Ɗana, me Alhaji ya yi maka?"

Jininsa dai ya sauka daga baya. Ni kuwa har yau a masallaci "Dokta" ake ce min.