Ranar Da Na Nemi Tsayar Da Jirgi A Sama

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je zaɓen jirgin da zan koyi tuƙi da na'ura. Wato tuƙin da ba ka kallon waje sam, abin da allon gabanka ya faɗa shi za ka bi, ko a cikin gajimare ne. Lasisin farko yana hannuna, wannan darasin kuwa a ganina na gama shi tuntuni a kwamfuta, a ɗakina a unguwar Ranuna (har sauka cikin hazo na iya, wallahi).

Kyaftin mai koyarwa ya nuna min jirage biyu. Ɗaya tsoho mai agogo-agogo, kujera biyu. Ɗaya sabo mai allo kamar talabijin, kujera huɗu.

"Fara da tsohon," in ji shi. "Ba ya gudu, zai ba ka lokacin tunani."

Na ce, "La la, ya Kyaftin, sabon dai. Irinsa ne a kwamfutata."

Gaskiya kujerar baya nake so. Na taho da Yaya Mansur, wan yarinyar da nake nema, wanda ya ce a gidansu wai wasan yara nake yi. Babansu kuma bakinsa yake jira.

Muka tashi lafiya lau. Kyaftin ya ɗora min tabarau mai rufe waje, ya ce, "Yalla, juya dama." Na juya. Nan fa jikina ya rantse min a miƙe muke, allo ya ce mun karkace muna gangarawa. Lambobi sai gudu suke yi. Kujerar ɗakina ba ta taɓa yi min ƙarya irin wannan ba. Sai kawai hannuna ya shiga laluben madannin da nake tsayar da wasan idan na rikice.

"Me kake nema?"

"Wajen tsayarwa," na ce. (A makirufo. Kowa ya ji.)

Kyaftin ya karɓe tuƙin. Daga kujerar baya Yaya Mansur ya ce, "Ya shehu, in ka samu danna min, a unguwar Ambariyya zan sauka."

Allah ya taimake ni, abin da Yaya Mansur ya faɗa wa babansu shi ne a ba ni ita, da sharaɗin a mota za a kai amarya.

Yanzu a tsohon nake koyo, kuma hannuna ya fara faɗawa. Ku ji shawarata kyauta: in za ka zaɓi jirgin koyo, ɗauki wanda ba shi da wurin zaman suruki.