Ranar da Na Toshe Kunnena Na Bar Bakina a Buɗe

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na yi a filin harbi da ke bayan garin Dubai.

Ina aiki ne a ɗakin ajiyar kaya na Alhaji Sabi'u a Al Qusais. Kago muke yi, muna tura wa 'yan kasuwa kayansu zuwa Kano. Aikina duba kwalaye da ɗaure su, kuma aikin ya dace da ni, domin ni irin mutanen nan ne da in sun kulle ƙofa sai sun dawo sun ja kwaɗon sun tabbatar. A lokacin bizata ta kusa ƙarewa. Alhaji bai ce zai sabunta mini ba, bai kuma ce ba zai sabunta ba. Kasuwa ta yi sanyi, an riga an sallami wasu daga cikinmu, ni kuwa ga mata da yara a gida suna jiran ƙarshen wata.

Ana cikin haka wani babban dillalin kekunan ɗinki ya zo daga Kano, sunansa Alhaji Ɗanlami. Kowa a wurinmu ya san cewa in mutumin nan ya dawo da kwantenoninsa hannunmu, babu wanda za a sake sallama. Sai Alhaji Sabi'u ya kira ni ofis.

Ya ce, "Ran Asabar zan kai Alhaji Ɗanlami wurin harbi. Wai da ƙuruciya ya yi farauta, yana son ya gwada hannunsa. Je ka sayo mana abin toshe kunne mai kyau, ba irin na haya da kowa ya zuba wa gumi ba. Kai ma za ka biyo mu ka riƙe mana kaya."

Na ce to. Har na juya ya sake kira na.

"Ka san duk mako ina zuwa wurin nan. Ranar za ka ga ina ta kuskure. Da gangan ne. Baƙona ne, kuma ya girme ni, ba zan ɗauke shi in kai shi wuri in kunyata shi ba. Na gaya maka ne don na san fuskarka, komai sai ya fito a kanta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bakina alekum."

Ga wanda bai san wasan ba, wani inji ne yake cilla ƙaramin faifan yumɓu sama kamar tsuntsu ya tashi, kai kuma ka bi shi da bindiga ka fasa shi kafin ya faɗi. Na taɓa raka Alhaji sau ɗaya na tsaya daga nesa, kuma sai da kunnena ya yini yana kuka. Tun ranar nake tsoron wurin. Don haka da aka ce in sayo abin toshe kunne, na ɗauki aikin kamar an ce in zaɓo likitan da zai yi mini tiyata.

Na hau jirgin ƙasa, na tsallaka ruwa a kwalekwale zuwa Bur Dubai, na sami wani shagon kayan wasanni. Mai shagon Ba'indiye ne, mai haƙuri (ya buƙaci haƙurin kuwa). Ya jera mini iri uku. Akwai ɗan soso da ake murzawa a tura cikin kunne ya kumbura. Akwai mai kama da kwanuka biyu da ake kifawa a kan kunnuwa. Sai na uku, shi ma kwanukan ne, amma da batir a ciki da ɗan abin murɗawa a gefe. A kan wannan ya yi dogon bayani yana nuna bakinsa yana nuna kunnensa. Ni kuwa ban wuce firamare ba, Turancina na kago ne: kwali, kilo, gobe. Abin da na tsinta a maganarsa shi ne batir, da kuma cewa shi ne mafi kyau.

Ya miƙo mini ya ce in gwada. Na ƙi. Yaya zan ɗora a kaina abin da Alhaji zai ɗora a nasa? In ya ji warin man gashina fa? Sai na yi wa kaina lissafi: abin da ya fi tsada, har da batir, ai dole ya fi toshewa. Wanda ya sa wannan ko aradu ce ta faɗi ba zai ji ba. Na sayi biyu, na manya.

Ni kam ban yarda da batir kusa da ƙwaƙwalwata ba. In ya mutu daidai lokacin da aka harba fa? In ya yi zafi ya fashe fa? Na tambayi mai shagon ko soson kaɗai ya isa, ya ce ya isa. Na sake tambaya, ya ce ya isa. Da na tambaya a karo na gaba sai ya ce masu tsoro sosai suna haɗa soson da kwanukan. Na ce to, ni ne wannan.

Da yamma a fulat ɗinmu na Al Ras na gwada nawa, soso da kwanukan da ba su da batir. Garzali direban Alhaji, wanda muke ɗaki ɗaya da shi, ya tsaya a bayana yana buga murfin tukunya da cokali har maƙwabta suka leƙo. Abin da na ji bai fi ɗigon famfo ba.

Garzali ya ce, bayan na cire, "Malam, yaƙi za mu ne?"

Na ce, "Kunne ba a sayar da shi a kasuwa."

Ran Asabar muka isa bayan hantsi. Fili ne fetal, yashi iya ganinka, ga rumfuna a jere inda masu harbi suke tsayawa. Wani Balarabe mai kula da wurin ya yi mana bayanin doka: bindiga a karye take zama sai in lokacin harbinka ya yi, kuma ba a juyowa da ita wajen mutane. Alhaji Ɗanlami ya ɗora rigar harbi a kan farar shaddarsa yana ta ba da labarin zabin da ya kashe a dajin ƙauyensu. Na miƙa musu nasu da hannu biyu. Garzali ya karɓi na haya. Ni kuma na murza sosona na tura har ƙurya, na kifa kwanukan, sannan na ɗora hulata a samansu tana rawa, don ba zan tsaya gaban manya kai babu hula ba.

Duniya ta ɗauke. Babu abin da nake ji sai bugun zuciyata da haɗiyar yawuna.

Aka fara. Faifai ya tashi, Alhaji Ɗanlami ya harba, faifan ya ci gaba da tafiyarsa lafiya lau ya sauka can a yashi. Na biyu ma haka. Alhaji Sabi'u ya karɓa, ya kuskure, ya girgiza kai, ya duba bakin bindigarsa kamar ita ce da laifi. Sai na gane matsalar da muka shiga. Baƙon bai iya ba ko kaɗan, kuma aiki ne ja a ce mutumin da ya iya ya fi shi rashin iyawa. Akwai lokacin da hannun Alhaji ya manta da shirin, ya fasa wani faifai ya zama gari. Daga nan ya koma harbin sararin samaniya.

Can dai Allah ya taimaka Alhaji Ɗanlami ya ɓantare gefen wani faifai. Ya juyo fuskarsa cike da murna, idonsa ya faɗa kaina, ya ɗaga mini babban yatsa. Ni kuma na gyaɗa kai na yi murmushi.

Daga wannan gyaɗa kan masifar ta fara. Zuciyata ta ce, wannan ba shaidar zur ka yi ba? Dattijo yana murna a kan abin da ka san shiri ne, kai kuma ka sa hannu. Girmama baƙo ne ko yaudara? In ya ba mu kayansa saboda wannan, albashin da zan ci halak ne? Na yi ta juya abin har na ji in ban tambayi wani ba numfashina zai tsaya. Garzali ya fi ni zurfi a islamiyya, ga shi a gefena. Na dubi manyan kwanukan da ke kan Alhazan biyu, masu batir, waɗanda ni da kaina na zaɓo. Na ce ai waɗannan sun yi nisa da duniyar ji.

Na matsa kusa da shi na yi abin da na ɗauka raɗa ce. (Wanda ba ya jin muryarsa ba ya sanin tsawonta. Wannan daga baya na sani.)

"Garzali, wai abin da Alhaji yake yi ba yaudara ba ce?"

Garzali ya zaro ido ya girgiza kai da sauri. Na ɗauka cewa yake bai ji ba, tunda shi ma kunnensa a rufe yake. Sai na ƙara murya.

"Na ce da gangan yake kuskurewa. Shi ya gaya mini a ofis."

Ya take mini ƙafa. Na janye ƙafata, na ce wannan na hayar ma ashe yana toshewa. Na kama kafaɗarsa na buɗe maƙogwaro.

"Don kada Alhaji Ɗanlami ya ji kunya ne! Kana gani ai bai iya ba, ko tantabarar da aka ɗaure wa ƙafa ba zai samu ba!"

Na ga Balaraben nan ya ɗaga hannu an tsayar da inji. Na ga Turawan da ke rumfar gaba sun juyo. Na ga Alhaji Ɗanlami ya sauke bindiga a hankali, ya karya ta kamar yadda doka ta ce (Allah ya saka wa wanda ya kafa wannan doka), sannan ya juyo. Duk wannan a cikin shiru nake kallonsa, kamar talabijin da aka kashe wa murya.

Alhaji Sabi'u ya tako har gabana. Ya ɗauke hulata ya miƙa wa Garzali, ya cire kwanukan, ya sa yatsu biyu ya zaro sosunan ɗaya bayan ɗaya. Ya cire nasa mai batir ya kifa mini.

Jama'a, na ji ƙarar yashi a ƙarƙashin takalmin Garzali. Na ji numfashin Alhaji Ɗanlami daga inda yake tsaye. Ashe abin ƙarar bindiga kaɗai yake yankewa, magana kuwa ƙara mata ƙarfi yake yi don masu harbi su riƙa jin juna. Abin da Ba'indiyen nan yake ta nuna mini da bakinsa da kunnensa ke nan. Ko raɗar gaskiya na yi da sun ji, balle shelar da na yi.

Alhaji Ɗanlami ya ce, "Sabi'u, gaskiya ne abin da yaronka ya faɗa?"

Alhaji ya ce, "Yaya, ai kai baƙona ne."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba." Ya juyo gare ni. "Kai, malam. Tantabarar da aka ɗaure wa ƙafa ka ce?"

Na durƙusa a yashi. Cikin duk maganganun duniya, wadda ta fito daga bakina ita ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban san kuna ji ba."

Ya ce, "Au. Wato da ba ma ji, shi ke nan."

Garzali ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Alhaji Ɗanlami ya nuna wa Alhaji rumfa ya ce, "Maza, ɗauki bindigarka. Harba mini na gaskiya in gani." Alhaji ya yi mini wani kallo, ya karɓi abin kunnensa, ya shiga. Faifai na tashi yana fashewa, wani na tashi yana fashewa. Duk wanda ya tarwatse sai in ga kamar bizata ce take zubowa ƙasa.

Muka sauke baƙon a otal ɗinsa, ya ce "sai an jima" bai waiwayo ba. Alhaji bai yi mini faɗa ba, kuma da ma ya yi. Kwanakin da suka biyo baya in ya wuce ni sai ya amsa gaisuwata da hanci. Na fara haɗa jakata a ɓoye, ina shirya yadda zan gaya wa matata cewa bakina ya dawo da mu gida.

Sai ga Alhaji Ɗanlami wata safiya a ɗakin ajiyarmu. Ashe ɗaga tafiyarsa ya yi, kullum yana can filin yana koyo, abin ya tsaya masa a rai. Ya zagaya ya duba yadda muke ɗaure kaya, ya ce zai ba mu kwantena ɗaya ya gwada mu, sauran suna nan inda suke. Ya ce wa Alhaji in ya dawo za su sake karawa, kuma ba ya son alfarma. Da zai fita ya hango ni na laɓe bayan kwalaye.

Ya ce, "Mai Tantabara, ana aiki?"

Sunan da ya bi ni ke nan har yau, har 'yan Pakistan ɗin da muke lodi tare sun iya faɗarsa.

Da yammar ranar Alhaji ya kira ni ya ce in kawo fasfo a sabunta mini biza. Na fara godiya, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Kada ka ɗauka don halinka ne. In na mayar da kai Kano, kafin sati duk kasuwa ta ji labarin nan, da irin muryarka. Gara ka zauna inda ba a jin Hausa sosai."

Bai sake ɗaukata rakiyar baƙo ba, ni ma ban nema ba. Abin da na koya dai shi ne, kafin in sayo wa wani abu in daure in gwada shi, ko da zai ji warin man gashina. Kuma duk ranar da na toshe kunnena, to bakin ne ya kamata in fara nema wa soso.