Hoton Ƙarshe a Hanyar Jiratawa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na zama gwarzo a kan hanyar Jiratawa ba. An yi mini tafi, har wata mata ta rangaɗa guɗa, amma gwarzontakar ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba.

A shekarun nan ne da dimokuraɗiyya ta shigo mana da zafinta, bayan babban taron ƙasa. A Maraɗi kowa ya zama ɗan siyasa. Mai shayi na da jam'iyya, mai faci na da ra'ayi, kowace rumfa da kalar tutarta, ga jaridu sun cika gari, kowacce da wanda take zagi. Mu kuwa malaman lekol, wato makarantar boko, albashi sai ya ga dama yake zuwa, kwanakin yajin aiki sun fi na karatu yawa. Duk da haka Allah ya sani ina kewar lokacin nan. Aljihu ba komai, amma baki ya buɗe. Mukan zauna a fadarmu ta shayi a unguwar Zariya, mu sauke gwamnati kafin a sauke butar farko, mu naɗa wata kafin ta biyu ta tafasa.

A cikin wannan zaman banzan ne wani abokina ɗan kasuwa ya kawo mini kyamara daga Kwatano, irin mai fim ɗin nan da ake murɗawa bayan kowane hoto. Daga ranar na daina zama malami kawai. Na rataya ta a wuya ko masallaci za ni, na fara kiran kaina ɗan jarida mai zaman kansa (ba jaridar da ta taɓa buga mini ko hoton akuya, amma wannan bai dame ni ba).

Da auren ƙanwata Dije ya taso a gidanmu na Jiratawa, Inna, mahaifiyarmu, ta ce a ɗauko mai hoton nan na Sabon Gari da kowa ke ɗauka. Na yi tsalle na dire. Ina raye, ina da kyamara, a kira bare? Inna ta dube ni ta ce, "Kai dai ka tabbata?" Na ce ta bar mini komai. Dije ce ma ta goya mini baya, ta ce ita hoton Yayanta take so.

Kuma gaskiya na yi aiki ranar. Na ɗauki Dije da lallenta ya kama jawur, ta rufe fuska tana dariya a ƙasan mayafi. Na ɗauke ta a tsakiyar ƙawayenta, 'yan matan da suka tashi tare tun suna korar tsuntsu a gonakin rani. Na ɗauki jeren kwanoni da gado. Na ɗauke ta da Inna, Inna ta ƙame kamar an ce kada ta yi numfashi. Duk a fim ɗaya, don shi kaɗai na iya saye. Da la'asar, kafin a kai amarya gidan mijinta a Tibiri, na hau mobilet ɗina, ɗan ƙaramin babur, na nufi Maraɗi, saboda a lokacin direbobin Kano muke ba fim su kai a wanke mana mai kala, kuma ina so in cimma motar yamma. Saura hoto ɗaya tak a cikin kyamarar, na ce zan ajiye shi in ɗauki kaina a madubi.

An yi ruwa da safe, gefen hanya duk caɓi. Ina tafe cikin farar shaddata ina 'yar waƙa, sai wata bashe, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya, ta taso mini da oda. Ta cika da mutane da buhunan albasa da awaki. Kafin in kauce ta matse ni, na gangara cikin taɓo, ni gefe mobilet gefe. Waɗanda ke baya suka kwashe da dariya. Dariyar nan ta fi faɗuwar yi mini ciwo.

Na tashi na bi su. Kada ka tambaye ni abin da nake nufin yi in na cimma su, don ni ma ban sani ba. Allah ya sa suka tsaya a shingen jandarmomi kafin shiga gari. Na sha gaban motar, na ɗaga kyamara, na saita lambar motar da fuskar direban, ƙyas! Sannan na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Gobe ka nemi jarida, za ka ga kanka!"

Direban ya diro. Ƙato ne, ya fi ni ko'ina. Ya cafki igiyar kyamarar a wuyana ya ce, "Wa yab ba ka izinin ɗaukata? Hidda shi! Hidda hoton nan yanzu!"

Na ce, "Hanyar gwamnati ce, kuma zamanin mulkin soja ya wuce. Ina da 'yanci!"

Ya ce, "'Yancinka bai kai ga huskata ba!"

Nan fa jama'a suka kewaye mu, kuma ka san zamanin, kowa lauya ne. Wani mai sayar da rake ya ce doka ta hana ɗaukar mutum in bai yarda ba. Wani ɗan lise, wato ɗalibin sakandare, ya ce ƙarya ne, duk abin da ke kan titi na kowa ne. Wata tsohuwa daga bayan motar ta ce ita ba ruwanta da doka, amma in har ta fito a hoton nan ba ɗankwali mai kyau, ba ta yafe ba. Aka rabu gida biyu kamar ranar zaɓe. Ni kuwa ina ta zuba Faransanci, ina ambaton tsarin mulki wanda ban taɓa karanta ko shafinsa na farko ba.

Shef ɗin jandarmomin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya taso daga ƙarƙashin bishiyar dogonyaro a hankali. Ya raba mu, ya saurari kowa. A nan ne muryar direban ta sauka. Ashe motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce da ya aike shi ɗauko albasa, shi kuma ya ɗebi fasinja da awaki a hanya don ya sami na cefane. In hoton nan ya kai ga idon Alhaji, aikinsa ya ƙare. Ya kira ni yadda ake kiran malamin lekol da Faransanci, ya ce, "Mushe, ina da iyali. Don Allah."

Da ina da hankali, a nan zan yi shiru in bar Shef ya yanke magana. Amma na ga idanu duk sun dawo kaina, na ji wani abu ya kumbura a ƙirjina. Yanzun nan ni ne wanda aka zalunta, ga shi kuma na sami damar zama mai yafiya a gaban jama'a. Na gyara tsayuwa, taɓo na ɗiga daga shaddata, na ce, "Mu ba mu yi gwagwarmaya don mu raba talaka da abincinsa ba!" Na ɓalle bayan kyamarar, na kamo fim ɗin, na zaro shi tun daga farko har ƙarshe, na ɗaga shi sama cikin rana yana reto.

Wurin ya ɗauki tafi. Guɗar nan da na faɗa maka, a nan aka yi ta. Direban ya rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa.

Shef bai yi tafi ba. Ya dubi fim ɗin, ya dube ni, ya ce, "Mushe, wa yac ce ka buɗe? Ni cewa za ni yi in an wanke, ka yanke nashi guda ɗaya ka ba shi, magana ta mutu." Sannan ya ƙara da cewa, "To sauran hotunan da ke ciki, na mine ne?"

Wallahi sai a lokacin na tuna. Na dubi abin da ke hannuna, dogon baƙin zare mara komai. Wanda bai san fim ba, in rana ta gan shi kafin a wanke, shi ke nan, ko wa za a kai wa ba zai dawo da komai ba. Na yi ƙoƙarin cusa shi cikin aljihu da sauri, kamar in na ɓoye shi rana za ta manta ta gani. Da ƙaramar murya na ce, "Na auren ƙanwata ne."

Tsohuwar nan ta bayan mota ce ta fara magana, ta ce, "Wayyo ɗiyar mutane." Wani ya fashe da dariya, wani ya kwaɗe shi. Direban da ya ture ni cikin taɓo shi ne ya koma yana ba ni haƙuri, har ya ɗora mobilet ɗina a kan albasa ya kai ni ƙofar gida. Na zauna tsakanin awaki biyu har muka iso.

Na daɗe ina yi wa Inna hanya-hanya, kullum in ce direbobin Kano ne ba su dawo ba. Da abin ya ƙi ɓoyuwa na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Cewa kawai ta yi, "Tahi Tibiri ka gaya mata da bakinka."

Na sami Dije a sabon ɗakinta, ta share wuri a bango ta kafa ƙusa tana jira. Na zauna na ba ta labarin tun daga faɗuwa har zuwa jawabi. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Yaya, shi direban, an kore shi?" Na ce a'a. Ta ce, "Madalla, ko ba komi wani ya amfana." Ta yi dariya, amma ta juya baya tana gyara kwanonin da ba su buƙatar gyara, na kuwa san kuka take. Na ce za mu sake, ta saka kayan in zo da sabon fim. Ta miƙo mini tafin hannunta, lallen ya kusa gogewa. Ƙawayen kuma kafin shekara ta zagayo an watse, wata Damagaram, wata Agadas, wata Allah ya yi mata rasuwa wajen haihuwa. Ba su sake haɗuwa a ɗaki ɗaya ba.

Yau Dije ta aurar da 'ya'ya, kowane aure da hotuna ɗaruruwa a waya. Amma duk lokacin da wata jika ta tambaye ta yadda ta fito ranar nata auren, sai ta ce, "Tahi wajen Yaya, shi kaɗai yag gani da kyau." Sai yarinya ta zo ta tasa ni gaba, in fara bayani: mayafin shuɗi ne, lallen ya kama har wuyan hannu, wance na dama, wance na hagu ta dafa kafaɗarta. In na kuskure kalar ɗankwali, Dije ta gyara mini daga cikin ɗaki.

Har gobe ban san ko doka ta ba ni izinin ɗaukar direban nan ba, ban kuma sake tambaya ba. Abin da na koya shi ne, in zuciya ta ɗebe ka a kan hanya, ko ta faɗa ce ko ta nuna kirki, ka fara duba abin da ke hannunka, ka tabbata naka ne kafin ka yi kyauta da shi. Ni dai na yi bajinta da kayan ƙanwata, aka yi mini tafi, ita kuma ta cire ƙusa daga bango.